Kayan idi ko kayan Asabar: me Bayahude yake sawa idan idi ya zarce cikin Shabbat?

Baban Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana cina, kuma tunda wannan zaure na nazarin al'adun addinai ne, na ga babu inda ya fi dacewa in kawo ta. Shekara shida ke nan ina aiki a wani shagon wanki da guga a arewacin Landan, dab da unguwar Stamford Hill, inda mafi yawan masu kawo mana kaya Yahudawa ne masu tsananin riƙo da addini. Ranar Talata 1 ga Oktoban 2024, wani dattijo da muka saba da shi ya shigo da fararen riguna goma sha biyar, nasa da na 'ya'yansa maza huɗu, uku ga kowa, haɗe da wata siririyar farar riga doguwa mai ɗamara wadda ba ta da aljihu ko ɗaya. Ya ce lallai su fito kafin azahar ɗin Laraba, domin daga faɗuwar ranar Laraba har bayan faɗuwar ranar Asabar ba zai taɓa kuɗi ba, ba zai ɗaga waya ba, balle a yi maganar wanki a gidansa. Cikin gaggawa sai dutsen guga ya ƙona wuyan riga ɗaya ta ƙaramin yaron. Da ya zo karɓa na ba shi haƙuri na ce za mu biya, amma bai ko kula batun kuɗin ba, sai ya tsaya yana lissafi da yatsu, ya ce a hankali, to yaron nan da rigar jiya zai shiga Shabbat ke nan, wato Asabar, ranar hutunsu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wannan. A Juma'ar da aka saba, idan yamma ta yi, za ka ga unguwar ta sauya kama gaba ɗaya, an tuɓe kayan aiki an sa dogayen rigunan alharini da manyan hulunan gashin dabba. Amma a wannan Juma'a, 4 ga Oktoba, kayan da na gan su da su da safe su ne dai na gan su da su da magariba suna tafiya majami'a. Shin a irin wannan rana ba a girmama Asabar da sutura ne, ko kuwa akwai abin da idona bai gani ba?

Malam Ishaya:
Salama gare ka, Baban Sadiƙ. Bari in fara da ranakun, kafin waɗanda suka fi ni sanin littattafan malamansu su zo. Abin da ka gani shi ne sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, wadda ake yi kwana biyu, kuma a shekarar ta faɗo Alhamis da Juma'a, sai Asabar ta biyo baya babu tsaiko. Yininsu daga faɗuwar rana yake farawa, shi ya sa dattijon ya ce maka daga yammacin Laraba. A wannan shekara ma abin bai tsaya nan ba, domin Idin Bukkoki ya fara Alhamis 17 ga Oktoba, rufewarsa kuma ta zo 24 da 25 ga wata, saboda haka Yahudawan da ke wajen ƙasar Isra'ila sau uku suka yi irin wannan jerin kwana uku a cikin wata guda. Na cikin Isra'ila sau ɗaya kawai suka yi, domin su kwana ɗaya suke riƙe wa sauran idodin, sabuwar shekara kaɗai ce kwana biyu ga kowa. Asalin batun sutura kuwa yana komawa ga Ishaya 58:13, inda aka ce a girmama Asabar, malamansu kuma suka fassara girmamawar da cewa kada tufarka ta Asabar ta zama irin ta sauran ranaku.

Malam Habu:
Malam Ishaya ya share hanya, kuma fassarar da ya ambata tana cikin Talmud, babban kundin koyarwar malamansu na dā, babin Shabbat, shafi na 113, inda aka kuma ruwaito cewa Rabbi Yohanan yana kiran tufafinsa da sunan masu girmama shi. A shafi na 119 an ce Rabbi Hanina yakan lulluɓe jikinsa da yammacin Juma'a ya fita tarbar Asabar kamar sarauniya, Rabbi Yannai kuma yakan sa kayansa masu kyau ya tarbe ta kamar amarya. Wato sauya kaya da yammacin Juma'a tsohon abu ne ƙwarai, kuma Baban Sadiƙ yana da gaskiya da ya yi mamakin rashin ganinsa.

Amsar tana cikin Shulhan Aruk, kundin fiƙihun da Yosef Karo ya rubuta a garin Safad aka buga a Venis a 1565, wanda har yau shi ne madogararsu. A sashen da ake kira Orah Hayyim, babi na 529, an faɗa ƙarara cewa kayan idi su fi na Asabar kyau. To ka ga inda gizo yake saƙa. Mutumin da ya wayi gari ranar Juma'a cikin mafi kyawun abin da ya mallaka, idan ya ce zai tuɓe ya sa kayan Asabar da yamma, ai saukowa ya yi daga sama zuwa ƙasa, kuma ba a tarbar babban baƙo ta hanyar rage ado. Shi ya sa suke zarcewa da abin da ke jikinsu. Abin da idonka bai gani ba, ɗan'uwa, shi ne abin da ke ƙarƙashin doguwar rigar, wato farar rigar ciki da kai da kanka ka goge. Da yawa sukan ware wankakkiya guda su sa ta da yammacin Juma'a da niyyar girmama Asabar, kuma ina kyautata zaton ita ce dattijon yake lissafawa da yatsunsa.

Alhaji Tanimu Tela:
Malam Habu, Allah ya ƙara sani, amma ni wannan bayani bai kwanta mini ba. Na yi shekara talatin ina ɗinki, kuma abin da na sani shi ne, ranar da ta fi daraja ita ake yi wa ɗinki mafi tsada. Idan kayan idi sun fi na Asabar kyau, to idin ya fi Asabar girma ke nan a wurinsu, magana ta ƙare. Idan kuwa Asabar ce babba, to barin ta ta shigo ba tare da an sake mata ko hula ba raini ne, ko da an lulluɓe shi da hujja.

Malam Habu:
Alhaji, ran ka ya daɗe, ƙiyasinka mai kyau ne a kan teburin tela, amma su sun raba abu biyu da kai ka haɗa. Asabar ce ta fi tsarki ba tare da wata jayayya ba, kuma akwai ma'auni mai sauƙi da ke nuna haka. Ranar Asabar mutum bakwai ake kira su hau karatun Attaura a majami'a, Ranar Kafara, wato ranar babban azuminsu, shida, ranar idi biyar. Haka kuma girki da ɗaukar kaya a titi, waɗanda aka halatta ranar idi don buƙatar ranar, haramun ne ranar Asabar. Sai dai idi yana da wani umarni da Asabar ba ta da shi, wato umarnin yin farin ciki, wanda ke cikin Maimaitawar Shari'a 16:14. Asabar haƙƙinta girmamawa da jin daɗi, idi kuwa an ƙara masa murna, kuma sabuwar sutura tana cikin kayan murna. Fifikon tufa a nan ba ya auna tsarki, yana auna nau'in umarnin ne.

Kuma wannan tsoro naka na cewa za a manta da Asabar a cikin hidimar idi, ba kai ka fara jin sa ba, malamansu sun ji shi tun zamanin Babila, suka kuma yi masa magani da abin da ake kira eruv tavshilin. Ga yadda yake: ranar Laraba kafin idi ya kama, maigida yakan ware gurasa ɗaya da ɗan dafaffen abu, galibi ƙwai ko yankin kifi ko nama, ya yi addu'a a kai, ya ajiye. Ma'anarsa ita ce an riga an fara girkin Asabar tun kafin idi, saboda haka abin da za a dafa ranar Juma'a ƙarasawa ne. A Talmud, babin Beza shafi na 15, Rava ya ba da dalilin da cewa don mutum ya zaɓi rabo mai kyau na Asabar kamar yadda ya zaɓi na idi. A fahimtata, fararen riguna uku ga kowane yaro wannan tunani ne ya sauko daga tukunya zuwa akwatin kaya. A irin wannan mako, girmama Asabar ba ranar Juma'a da yamma ake yin sa ba, tun Talata da Laraba aka gama shi.

Alhaji Tanimu Tela:
Na ji batun bakwai da biyar, kuma na karɓa. Amma idan wannan ƙwai da gurasa sun buɗe ƙofar yi wa Asabar hidima a ranar Juma'a, me ya hana uwar yaron ta wanke masa rigar Alhamis ta goge, tunda dai don Asabar ne?

Malam Habu:
Ba su buɗe kowace ƙofa ba, Alhaji. Abin da aka halatta a ranar idi don ita kanta ranar, kamar girki da kunna fitila daga wutar da take ci tun jiya, shi kaɗai ne wannan tanadi yake bari a yi don gobe, kuma ranar Juma'a kawai, ba Alhamis ba. Wanki da guga da ɗinki haramun ne a ranar idi ko da don idin ne, saboda haka babu ƙwan da zai halatta su. Ko maɓalli ne ya tsinke, ba za a ɗinka shi ba sai daren Asabar bayan taurari sun fito.

Maman Husna:
Ina gaida malamai. Na ga duk maganar a kan maza take, alhali nauyin kwana ukun nan a kan mata ya fi sauka. Ina aikin kula da tsofaffi a Manchester, kuma na yi shekara biyu ina zuwa gidan wata tsohuwa Bayahudiya wadda 'yarta da jikokinta suke zaune tare da ita. Ranar Laraba ta wannan mako na iske an jera kayan kowane yaro kashi uku a kan gado, an maƙala wa kowane kashi 'yar takarda da sunan rana, domin rubutu ma ba a yi idan idi ya shiga. Na jarirai kuwa an ninka su biyu, saboda abin da kowace uwa ta sani. Ita matar gidan ta gaya mini cewa kwalliyar fuska da ta yi da yammacin Laraba ita ke nan, ba za ta ƙara ba har daren Asabar, kuma ba a yi wa 'yan mata kitso ko taje kai da mataji mai cire gashi. Abin da ta sauya da yammacin Juma'a kafin ta kunna kyandirori shi ne ɗankwali, ta cire mai launi ta ɗaura fari, sannan ta ɗaura farin gyauton aiki a kan rigarta. Ina so a gaya mini ko hana kwalliyar nan hukunci ne ko al'adar gidansu ce kawai.

Malam Habu:
Hajiya, hukunci ne, kuma tsoho. A cikin Mishna, tsohon kundin hukuncinsu da aka gina Talmud a kansa, babin Shabbat, fasali na 10, an jera mai kitso da mai sa kwalli cikin abin da aka yi saɓani a kai: Rabbi Eliezer yana ganin aiki ne cikakke da Attaura ta hana, sauran malamai suna ganin hanin malamai ne, amma babu wanda ya ce a yi. Kalmar da aka yi amfani da ita a Ibrananci ma tushenta ɗaya da kuhul na Larabci, inda namu kwallin ya samo suna. Farin ɗankwali da farin gyauto kuwa al'ada ce ta wasu gidajen Hasidawa, wani rukuni na Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, ba kowa ke yi ba. Sannan ki lura da wani abu da zai yi miki daɗi: da Talmud ya tambayi yadda ake faranta wa mata a ranar idi, a babin Pesahim shafi na 109, amsar ita ce a Babila da tufafi masu launi, a ƙasar Isra'ila kuma da gogaggun tufafin lilin. Babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya mayar da shi hukunci cewa miji ya saya wa matarsa kaya da kayan ado gwargwadon ƙarfinsa. Don haka sabon ɗinki na idi haƙƙin mace ne a rubuce, ba alfarma ba.

Malam Ishaya:
Ni abin da nake so a taɓa shi ne ainihin kayan ibada, domin har yanzu a kan kayan ado muke. Littafin Ƙidaya 15:38 ya umarta a sa tuntaye a kusurwoyin tufa, daga nan ne mayafin addu'arsu, tallit, ya samo asali. Lokacin da na je ziyara Urushalima, na ga maza da safiyar Asabar suna tafiya a titi lulluɓe da mayafin, alhali a sauran ranaku a cikin jaka suke riƙe shi a hammata. A unguwar Mea Shearim kuma na ga masu doguwar riga mai ratsi ruwan zinariya, aka ce mini ta Asabar da idi ce, ta sauran ranaku mai duhu ce. Me yake faruwa da mayafin nan idan idi ya haɗe da Asabar?

Malam Habu:
Nan ne bambancin ranakun biyu yake fitowa fili, Malam. Ranar idi mutum yana iya ɗaukar jakar mayafinsa ya tafi majami'a, ranar Asabar kuwa ɗaukar kaya daga gida zuwa titi yana cikin ayyuka talatin da tara da aka hana. Mafita biyu ce: ko ya bar mayafin a majami'a tun ranar Juma'a, ko ya yafa shi a jikinsa ya tafi, domin abin da aka sa tufa ne, ba kaya ba ne. Amma akwai sharaɗi mai kaifi. Mayafin yana zama tufa halattacciya ne idan tuntayensa huɗu lafiyarsu ƙalau. Kowace kusurwa zare huɗu ne aka zura a rami aka ninka suka zama takwas, aka ƙulla su sau biyar. Idan baki ɗaya cikin takwas ɗin ya tsinke, mayafin yana nan da ingancinsa, amma idan biyu ne sai an duba da kyau, domin mai yiwuwa bakin zare ɗaya ne duka biyun. Idan kusurwa ɗaya ta ɓaci, to sauran ukun da ke lilo sun zama kayan da mutum yake ɗauke da su a titi ranar Asabar, kuma ba zai iya gyarawa ba, domin ƙulli mai ɗorewa haramun ne a idi da Asabar duka. Wanda zarensa ya tsinke da safiyar Alhamis, sai dai ya ari na wani ko na majami'a har kwana uku. Saboda haka mai hankali yakan bi zaren nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa tun ranar Laraba.

Ninke mayafin ma sai da aka yi masa babi. Shulhan Aruk a babi na 302 ya taƙaita ninke tufa ranar Asabar, saboda ninkewa a kan tsohon kari gyara tufa ne, kuma shiri ne don gobe, sannan ya kawo ra'ayin da ya halatta a ninke ba bisa karin farko ba, ya kuma karkata gare shi. Shi ya sa za ka ga an naɗe shi sama-sama an ajiye, sai daren Asabar a ninke shi da kyau. Ko wanda ya yi tanadin ƙwai da gurasa zai iya ninke shi sosai ranar Juma'a don safiyar Asabar, wannan malaman baya sun yi saɓani a kai, wasu sun ce tanadin na abinci ne kawai, wasu sun faɗaɗa shi ga sauran buƙatun Asabar.

Baban Sadiƙ:
Malam, gafarta mini, na ɗan rikice. Na taɓa jin wani abokin aikina yana cewa eruv wata waya ce da aka kewaye unguwa da ita a kan turaku. Ita ce wannan ta ƙwai da gurasa, ko daban?

Malam Habu:
Daban ce, sunan ne ya zo ɗaya, domin kalmar tana nufin cuɗanya ko haɗewa. Ta waya tana mayar da unguwa kamar tsakar gida ɗaya don a iya ɗaukar kaya ranar Asabar, irin wadda ta fara aiki a arewa maso yammacin Landan a 2003. Inda take, wanda ya yarda da ita zai riƙe jakar mayafinsa ranar Asabar ba laifi, sai dai da yawa daga masu tsanantawa ba sa dogara da irinta a manyan birane, har yanzu yafawa suke yi.

Alhaji Tanimu Tela:
To ita farar rigar marar aljihu fa? A matsayina na tela, rigar da ba a yi wa aljihu ba guda ɗaya na sani, kuma ba mai rai ake ɗinka wa ba.

Malam Habu:
Alhaji, ka harbi tsakiyar abin. Sunanta kittel, kuma Moshe Isserles na Krakow, wanda ya rasu a 1572 kuma shi ya rubuta ƙarin bayanin Yahudawan Turai a kan Shulhan Aruk, ya faɗa a babi na 610 cewa tufar matattu ce, ana sa ta don zuciya ta karaya, tare da cewa fari yana kamanta mutum da mala'iku. A wurin Yahudawan da suka fito daga Jamus da Polan da kewaye, maza masu aure suna sa ta Ranar Kafara, da yawa suna sa ta a daren cin abincin Idin Ƙetarewa, a sabuwar shekara kuwa wasu wurare mai jan addu'a da mai busa ƙaho ne kaɗai, wasu wurare jama'a duka. Yahudawan da asalinsu Andalus ne ko ƙasashen Larabawa galibi ba su san ta ba, fararen kaya kawai suke sawa.

Ita ce tufa ɗaya da ake tuɓewa idan sabuwar shekara ta zarce cikin Asabar. Aikinta na addu'ar safe ne a ranar da suke ɗauka ranar hisabi, kuma ba a shiga da ita tarbar Asabar. Wannan ya kawo ni ga wani gyara da ya kamata in yi wa maganata ta farko. Na ce kayan idi sun fi na Asabar, amma sabuwar shekara tana da nata yanayi. Talmud na Ƙudus ya ce wanda zai gurfana gaban alƙali baƙi yake sawa, su kuwa fari suke sawa su ci su sha saboda kyautata zato, sai dai malaman baya sun ja kunne cewa kada a cika ado da kayan surfani a wannan rana, a bar alamar tsoro. Don haka ƙa'idar fifikon kayan idi ta fi zama daram a Idin Bukkoki da na Ƙetarewa da na Makonni.

Maman Husna:
Akwai wani abu kuma da na saba gani a gidan, wanda a makonnin nan ya ɓace. Mijin 'yar yakan ɗaura wasu baƙaƙen akwatunan fata a goshi da dantse kowace safiya, masu kama da laya. A wannan wata sai na daɗe ban gani ba.

Malam Ishaya:
Tefillin ke nan, Hajiya, kuma ko da yake ido zai ce laya, ba don tsari ake ɗaura su ba. A ciki akwai nassoshi huɗu na Attaura a rubuce a kan fata, biyu daga Fitowa 13, biyu daga Maimaitawar Shari'a 6 da 11, inda aka ce a ɗaura kalmomin nan su zama alama a hannu. Malamansu sun ce Asabar da idi su kansu alama ne, saboda haka ba a ƙara wata alama a kansu.

Malam Habu:
Haka ne, kuma an jingina wannan dalili ga Rabbi Akiva. Lissafin ya fi tsawo a Idin Bukkoki saboda ranakun tsakiyar idi, waɗanda ba su da cikakken hani amma ba ranakun aiki ba ne sosai. Karo ya hana ɗaura su a waɗannan ranaku, Isserles ya ce a ɗaura. Hasidawa sun bi hanin, haka ma almajiran babban malaminsu Gaon na Vilna, wanda ya rasu a 1797, kuma shi ne abin da aka saba a Isra'ila yau. Idan mijin nan Bahaside ne, to a 2024 ya ɗaura ranar Laraba 16 ga Oktoba, bai sake ba sai Lahadi 27 ga wata, kwana goma cur a tsakani.

Alhaji Tanimu Tela:
Saura tambaya ɗaya. Idan aka juya abin, Asabar ta riga, idi ya biyo ta ranar Lahadi, ai nan hawa ne daga ƙasa zuwa sama ta fuskar kaya. Sai a sauya ke nan?

Malam Habu:
Ana sauyawa, amma nan igiyar ta fi ɗaurewa, domin babu wani tanadi da yake halatta a yi wa idi shiri a cikin Asabar. An ga haka a 2025, lokacin da jajibirin Idin Ƙetarewa ya faɗo Asabar 12 ga Afrilu: ba a shimfiɗa tebur, ba a fito da farar rigar nan don dare, sai taurari sun fito an furta kalmar rabewa tsakanin tsarki da tsarki. Wanda yake son sa kayan idi kafin nan, sai ya sa su da sauran rana yadda Asabar ma za ta ci moriyarsu. Wannan bambanci shi ne amsa ta ƙarshe ga tuhumarka ta farko, Alhaji: idi yana yi wa Asabar hidima, Asabar ba ta yi wa kowa. Ga masu son lura da ido, a kalandar 2026 ranar farko ta Idin Ƙetarewa Alhamis ce 2 ga Afrilu, Idin Makonni kuma Juma'a ce 22 ga Mayu, dukansu suna zarcewa cikin Asabar.

Alhaji Tanimu Tela:
Na yarda Asabar ce babba a wurinsu. Amma har yanzu ina ganin da ni ne telansu, da na shawarci kowa ya ɗinka na idi kala biyu, ya ɓoye ɗaya sai yammacin Juma'a, kowa ya huta da gardama.

Baban Sadiƙ:
Na gode ƙwarai, malamai. Jiya dattijon ya kawo kaya, sai na tuna masa rigar da na ƙona, na tambaye shi yadda aka yi da yaron. Ya yi dariya ya ce uwar ce ta warware matsalar tun daren Laraba: ta sa yaron ya maimaita rigar Alhamis ranar Juma'a da safe, ta ɓoye ɗaya gogaggar a saman kabad inda hannunsa ba ya kaiwa, ba ta sauko da ita ba sai wajen ƙarfe biyar da rabi na yammacin Juma'a, kafin ta kunna kyandir. Na karanta masa shawarar Alhaji Tanimu ta ɗinki kala biyu, sai ya tambaye ni ko Alhajin ya san nawa ake sayar da hular gashin nan guda ɗaya. Yanzu duk lokacin da ya kawo kaya a irin wannan mako, riga huɗu yake kawowa ga kowane yaro.